Sauron da Ya Ƙi Faɗuwa: Kundin Aikin Bin Sawun Bijirewa Magani

3 ga Maris

Yau na buɗe wannan kundi, saboda abin da ba a rubuta a ranarsa ba, zuciya kan gyara shi daga baya ya dace da abin da take so. Tsutsotsin sauron da muka ɗebo daga kududdufai biyu sun yi kwana biyar a ɗakin kiwo, na farkonsu har sun fara tashi. Kududdufi na farko yana bakin gonakin da ake yi wa feshin maganin ƙwari a kai a kai. Na biyu yana tsakiyar gidaje, nesa da gona, inda maganin da sauro ya fi cin karo da shi shi ne wanda ke jikin gidan sauro. Na raba su keji daban-daban tun ranar farko, kuma haka za su zauna har aikin ya ƙare.

Tambayar ɗaya ce: wane sauyi ne a cikin ƙwayoyin gadon wannan sauro yake sa ya sauka a kan maganin da ya kamata ya kashe shi, ya tashi lafiya lau?

Abin da ya sa tambayar ta hana ni sakat ba ɓoyayye ba ne. Wani babban lissafi da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓin cizon sauro kimanin sau miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara gidan sauro mai magani ne ya kawo ta. Gidajen sauron nan kuwa dangin magani ɗaya aka sa musu duka, wato piretiroid. Rayukan miliyoyin yara kenan aka rataya a igiya guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 da mace-mace 597,000, akasarinsu ƙananan yara a Afirka.

Zan rubuta zaton da na shigo da shi domin in iya waiwayarsa: ina sa ran amsar ita ce kdr, wani sauyin gado da ke shafar jijiyar sauro, wanda kowa a wannan fage ya sani, wanda kowane ɗakin gwaje-gwaje ke nema tun kafin ya nemi komai.

8 ga Maris

Gwajin farko ya lalace. Na'urar da ke riƙe danshin ɗakin ta tsaya cikin dare, da safe muka tarar sauro da yawa sun mutu a bututun shaida, wato bututun da takardarsa ba ta da magani ko kaɗan. Ƙa'ida ta ce idan mutuwa a bututun shaida ta wuce kashi 20 cikin ɗari, a zubar da gwajin baki ɗaya. Tsakanin kashi 5 da 20 ne kawai ake gyara lissafi da dabarar Abbott. Namu ya wuce. An zubar.

Ɗalibar da ke taya ni aikin ta ce, "Malam, ai waɗanda suka rayu a bututun magani sun rayu, me zai hana mu ƙirga su?" Na ce mata matattun ne matsalar. Ba mu da hanyar sanin wanda magani ya kashe da wanda ƙishirwa ta kashe.

15 ga Maris

Wannan karon komai ya tafi daidai, don haka bari in rubuta tsarin sau ɗaya. Mata kaɗai ake gwadawa, domin su ne masu cizo. 'Yan kwana uku zuwa biyar, waɗanda ba su taɓa shan jini ba. Ana zuba 25 a kowane bututu, bututu huɗu ga kowane magani, da biyu na shaida. Suna yin awa ɗaya cur a kan takardar da aka jiƙa da magani: deltametirin kashi 0.05 cikin ɗari, pametirin 0.75 (waɗannan biyun piretiroid ne), DDT kashi 4, bendiyokab 0.1, pirimifos-metil 0.25. Daga nan a mayar da su bututu mai tsabta, a ɗora musu auduga da ruwan sukari, a ƙirga matattu bayan awa 24. Idan kashi 98 zuwa sama suka mutu, maganin yana ci. Idan ƙasa da 90 ne, bijirewa ta tabbata. Abin da ke tsakani kuma sai an sake gwadawa.

Mun gwada sauron Kisumu tare da namu. Wannan zuri'a ce da aka ɗebo daga Kenya shekaru da dama da suka wuce, ake kiwonta a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, ba ta san magani ba. Kafin awa ta cika duk sun zube a gindin bututu, washegari babu mai motsi. Hakan ya tabbatar mana takardun suna da ƙarfinsu.

Namu kuwa, na tsaya ina kallonsu ta jikin bututun deltametirin. Wasu sun zube, amma da yawa suna nan manne da takardar, suna goge ƙafafu, suna tashi suna sake sauka a kanta. Da safe na ga har cikin waɗanda suka zube akwai waɗanda suka farfaɗo. Wuraren biyu duk sun faɗi ƙasa da kashi 90 nesa ba kusa ba, a deltametirin da pametirin. DDT kamar ruwa aka shafa wa takardar. Pirimifos-metil ya kashe kusan duka. Bendiyokab ne ya raba wuraren: ya ci na cikin gidaje sosai, amma na bakin gona da dama sun tsira. Na ajiye wannan a gefe, zan dawo kansa.

Kowane sauro, rayayye da matacce, ya samu ƙaramin bututunsa da lambarsa.

22 ga Maris

Muna jiran kayan aikin PCR, gwajin da ake haɓaka ɗan yanki na rubutun gado da shi domin a duba, sai na zauna na rubuta wa ɗalibata bayanin kdr da hannu, domin na lura ta san sunan amma ba ta ga hoton abin a ranta ba.

A jikin jijiyar sauro akwai wasu ƙananan ƙofofi na furotin. Idan saƙo zai wuce, ƙofa ta buɗe, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, sai ta rufe nan take. Buɗewa da rufewar nan su ne saƙon. Piretiroid da DDT, duk da ba danginsu ɗaya ba, wuri ɗaya suke kai hari: suna maƙalewa a jikin ƙofar su hana ta rufewa a kan lokaci. Jijiya ta yi ta harba saƙo babu tsayawa, jiki ya ɗauki karkarwa, ya shanye, sauro ya faɗi. Sunan kdr taƙaitawa ce ta kalmomin da ke nufin ƙin faɗuwa, kuma a jikin ƙudan gida aka fara lura da halin tun farkon shekarun 1950, jim kaɗan bayan DDT ya bazu a duniya.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar sauyin. Ƙwayar gadon da ke gina ƙofar nan tana kan kuromosom na biyu, kuma ana karanta rubutunta haruffa uku-uku, kowane uku suna kiran tubali ɗaya na furotin. A gurbi na 1014 rubutun asali TTA ne, mai kiran tubalin liyusin. Idan harafin ƙarshe ya koma T, ya zama TTT, sai fenilalanin ya hau gurbin. Shi ne L1014F, wanda Martinez-Torres da abokan aikinsa suka bayyana a 1998 a sauron Afirka ta Yamma. Idan kuma harafin tsakiya ne ya koma C, ya zama TCA, sai serin ya hau. Shi ne L1014S, wanda Hilary Ranson da abokan aikinta suka gano a Kenya a 2000. Harafi ɗaya tak, a cikin rubutu mai haruffa kusan miliyan 278. Ƙofar tana ci gaba da aikinta, amma maganin ba ya samun wurin kamawa yadda ya saba.

Lambar 1014 ɗin ma ta ƙudan gida ce aka aro. A lissafin Anopheles gambiae kansa, sauron da ke yaɗa zazzaɓi, gurbin na 995 ne, shi ya sa sababbin rubuce-rubuce ke cewa L995F. Abu ɗaya ne. Na ga ɗalibai suna zaton sauyi biyu ne daban.

Ba maganin ne ya ƙirƙiro sauyin ba, wannan na ja masa layi a takardar. Kuskuren kwafi ne da ke faruwa nan da can a cikin biliyoyin sauro. Magani tankaɗe kawai yake yi: ya kashe marasa sauyin, ya bar wa masu shi fili su hayayyafa. Aikin karanta gadon sauro 765 daga ƙasashe takwas na Afirka, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna sauyin ba sau ɗaya ya ɓullo ba. Ya taso a wurare daban-daban, a kan asali daban-daban, wasu kuma sun yi tafiyar dubban kilomita daga inda suka fara.

5 ga Afrilu

Kafin neman kdr sai an san wane sauro ne a hannu. A ido, har a madubin ƙara girma, Anopheles gambiae da coluzzii da arabiensis kamanninsu ɗaya, PCR ne ke raba su. Akasarin namu coluzzii ne a wuraren biyu, da 'yan arabiensis kaɗan da na ware.

Coluzzii bai samu sunansa ba sai a 2013, kafin nan ana kiransa nau'in M na gambiae. Labarin yadda ya samu kdr yana da daɗin bi: a wurare irin su Mali da Ghana, ba a jikinsa sauyin ya taso ba. Ta hanyar barbara da gambiae, abin da ba kasafai yake faruwa ba, wani babban yanki na kuromosom na biyu ya tsallaka zuwa gare shi ɗauke da L1014F. A Mali an ga hakan ya bazu wajen 2006, lokacin da rabon gidan sauro ya kankama. Katangar da ke tsakanin jinsi biyu ba ta tare shi ba.

17 ga Afrilu

Sakamakon kdr ya fito, kuma bai ba ni abin da na zo nema ba.

Kusan kowane sauro yana ɗauke da L1014F, mafi yawansu kwafi biyu, na uwa da na uba. Waɗanda suka rayu suna da shi. Waɗanda suka mutu su ma suna da shi. Na jera lambobin rayayyu a hagu, matattu a dama, na duba har sau uku, babu bambancin da zan iya kafa hujja da shi. Abin da kowa yake da shi ba zai bayyana dalilin da ya sa wannan ya mutu wancan ya rayu ba.

Na kai wa Farfesa takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, kdr ya cika ko'ina, amma bai raba mini rayayye da matacce ba." Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce kdr tarihi yake ba ni, ba labarin yau ba. Yana nuna cewa kakannin sauron nan sun sha magani har marasa sauyin suka ƙare. Abin da ke raba jikokinsu yanzu wani abu ne da aka ɗora a kansa.

Na yarda da shi, kuma abin ya sa na sake tunani a kan yadda muke sa ido a kan bijirewa gaba ɗaya. Muna auna kdr ne saboda yana da sauƙin aunawa: harafi ɗaya, gwaji ɗaya, amsa a yini guda. Rahotanni cike suke da shi. Amma a inda ya riga ya mamaye, sake auna shi kowace shekara ba ya gaya wa mai rabon gidan sauro wane iri zai saya. Ba ina cewa ba shi da tasiri ba ne. Shi ne harsashin, kuma tare da sauran hanyoyi ƙarfinsu ninkuwa yake yi, ba taruwa kawai ba.

Abu biyu na rubuta a gefe. Na farko, mu nemi N1575Y, sauyi na biyu a ƙofar nan da aka bayyana a 2012, wanda ba a samunsa sai a kan kwafin da ke da L1014F, yana ƙara masa ƙarfi. Na biyu, akwai 'yan tsiraru cikin rayayyun da ba su da kwafi biyu na L1014F, amma sun sha deltametirin awa guda sun tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Na sa wa bututunsu jan alama.

25 ga Afrilu

Gwajin PBO. Shi wannan sinadari ba ya kashe sauro da kansa. Aikinsa toshe wasu inzayim da ake kira P450, waɗanda sauro ke narkar da guba da su. Ana fara ba sauro awa ɗaya a kan takardar PBO kashi 4 cikin ɗari, sannan a wuce da shi kan deltametirin awa ɗaya. Idan mutuwa ta ƙaru, to inzayim ɗin suna da hannu.

Ta ƙaru ƙwarai, a wuraren biyu. Sauron da jiya yake yawo a kan takarda yau ya zube. PBO shi kaɗai bai kashe komai ba, bututun shaida ma lafiya. Amma mutuwar ba ta kai kashi 98 ba, musamman a na bakin gona. Ke nan inzayim suna ɗauke da babban kaso na nauyin, amma akwai sauran rina a kaba.

Takardun deltametirin sun cika amfani shida, na buɗe sabon kwali.

9 ga Mayu

Mako biyu ina karatun P450, kuma nan ne aikin ya fi wuya, ya kuma fi jan hankalina.

Sauro yana da ƙwayoyin gadon P450 fiye da 100. Ba don maganinmu aka yi su ba. Tsutsa tana rayuwa a ruwan da ke cike da ruɓaɓɓen ganye da gubar tsirrai, dole ta samu abin narkar da su. Kaɗan daga cikinsu, irin su CYP6P3 da CYP6M2 a gambiae da coluzzii, an tabbatar suna iya farfasa piretiroid. A tsibirin Bioko na ƙasar Equatorial Guinea kuma CYP9K1 aka kama. Bambancinsu da kdr shi ne sau da yawa ba siffar inzayim ɗin ce ta sauya ba, yawansa ne. Ko dai makunnin da ke gaban ƙwayar gadon ya sauya ta yi ta aiki babu ƙaƙƙautawa, ko kuma ƙwayar gadon ta kwafi kanta ta zama biyu, uku, ko fiye. Gubar tana shiga ta ƙafa, kafin ta isa jijiya an cinye rabinta a hanya, ragowar kuma ta tarar da ƙofar da kdr ya riga ya sauya.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai na Afirka ta Kudu ne. A 1996 aka daina feshin DDT a ɗakunan kwana aka koma deltametirin. Sai Anopheles funestus, wani jinsin sauron zazzaɓi wanda feshi ya kora daga yankin shekaru da dama, ya dawo KwaZulu-Natal, zazzaɓi ya yi tashin gwauron zabo a 1999 da 2000. Da aka gwada sauron, piretiroid ba ya cinsa, amma DDT yana kashe shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba kdr ba ne, domin da ƙofar jijiya ce ta sauya, da magungunan biyu duk sun gaza tare. An dawo da DDT a 2000, cutar ta sauka. Sai a 2009 Charles Wondji da abokan aikinsa suka bi sawun abin har zuwa wani gungun P450 da ya haɗa da CYP6P9, wanda ya kasance kwafi biyu. Kafin a samu alamar DNA mai sauƙin gwadawa ta CYP6P9a, a makunninta, sai da aka kai 2019. Kusan shekara ashirin tsakanin ganin annoba da samun gwajin da za a yi wa sauro guda. Na kdr kuwa yana hannu tun 1998. Wannan tazara ita ce ta sa iliminmu ya karkata gefe ɗaya.

Tunda ba mu da harafi ɗaya da za mu nema, sai mu auna yawan saƙon RNA da kowace ƙwayar gado ke fitarwa. RNA kuwa ba ya jure wasa.

21 ga Mayu

Firizar da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ta yi ɗumi a ƙarshen mako. DNA bai damu ba, amma RNA na rukuni biyu ya ruɓe. Sai mun sake kiwo, mun sake gwaji. Mako uku sun tafi. Daga yau ana raba kowane samfuri gida biyu, a firiza biyu.

11 ga Yuni

Sakamakon RNA ya zo. CYP6P3 da CYP6M2 duk sun fi na sauron Kisumu yawa a namu, CYP6P3 ya fi fitowa fili, kuma na bakin gona sun fi na cikin gidaje. Ya dace da abin da PBO ya nuna.

Amma ba na son in yi saurin murna da kwatancen Kisumu. Gambiae ne daga gabashin Afirka, ya yi zuri'a ɗaruruwa a keji, namu kuwa coluzzii ne da ya fito daga kududdufi wata uku da suka wuce. Bambanci tsakaninsu zai iya zama na jinsi, ko na asali, ko na zaman keji, ba lallai na magani ba. Shi ya sa na ƙara kwatance na biyu: waɗanda suka tsira daga deltametirin da 'yan uwansu na keji ɗaya da ba a ba su magani ba. A nan tazarar ta ragu, amma CYP6P3 bai ɓace ba. Wannan na fi amincewa da shi, ko da ya fi ƙanƙanta.

Mataki na gaba a wannan layi shi ne ƙirga kwafi. An samu kwafe-kwafe masu yawa a gungun da CYP6P3 da maƙwabciyarta CYP6AA1 suke, a sauron ƙasashe da dama. Idan namu ma haka ne, za mu samu abin da za a iya gwadawa daga DNA, ko daga busasshen sauro, ba sai an yi ta fama da firiza ba.

19 ga Yuni

Na dawo kan bendiyokab. Shi da pirimifos-metil ba ƙofar sodiyam suke nufa ba. Akwai wani inzayim da ke share sinadarin saƙo daga mahaɗar jijiyoyi bayan saƙo ya wuce, su kuma toshe shi suke yi. Ƙwayar gadonsa ace-1, sauyin da ke kare shi kuma G119S, GGC ya koma AGC, wanda Mylène Weill da abokan aikinta suka bayyana a 2003.

A nan gwajin ya raba rayayyu da matattu yadda kdr ya kasa. G119S ya fi yawa a cikin waɗanda suka tsira, kuma kusan duk masu shi daga bakin gona suke. Babu bendiyokab a jikin gidan sauro. Dangoginsa kuwa ana fesa su a gona, ruwa ya wanke su zuwa kududdufin da tsutsa ke girma. An daɗe da nuna irin wannan alaƙa tsakanin feshin gona da bijirewa, misali a yankunan noman auduga na Burkina Faso. Sauro ba ya tambayar ko don shi aka fesa.

G119S yana da tsada ga mai shi. Inzayim ɗin da ya sauya ba ya aiki da ƙarfin na asali, masu kwafi biyu sukan mutu da yawa tun kafin su tashi. A da wannan ne abin dogaro: a janye magani, sauyin ya ragu da kansa. Sai sauro ya zo da wata hanya. Yankin da ke ɗauke da ace-1 ya kwafi kansa, kuromosom guda ya riƙe kwafi mai sauyi da kwafi na asali tare, ɗaya yana tare guba, ɗaya yana aikin yau da kullum. Tsadar ta ragu. A Tiassalé ta ƙasar Kwaddibuwa, inda aka samu sauron da ya bijire wa dukkan dangogi huɗu na magungunan da ake da su a lokacin, an ga wannan kwafi yana aiki tare da P450. Duk masu G119S a namu gwaji ya nuna su da kwafi iri biyu, babu mai sauyi zalla. Wannan alama ce da ke sa a yi zargin kwafi, don haka ace-1 ma ya shiga jerin ƙirga.

2 ga Yuli

Muna wanke kwanukan tsutsa ɗalibata ta ce, "Malam, to gidan sauron da mutane ke kwana ciki ya tashi aiki ke nan?" Na ajiye abin da ke hannuna, domin ba na son kowa ya fita daga ɗakin nan da wannan fahimta.

Bai tashi aiki ba. Raga ce tun farko, idan ba ta yage ba tana tare cizo ko babu magani. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Benin, Kamaru, Indiya, Kenya da Sudan, wanda ya fito a 2018, ya samu masu kwana a gidan sauro sun fi samun kariya har a inda bijirewa take. Sannan mu 'yan kwana uku zuwa biyar muke gwadawa, lokacin da suke kan ganiyarsu. Ƙwayar cutar kuwa tana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu a cikin sauro kafin ya iya yaɗa ta, kuma tsohon sauro ya fi saurin mutuwa da magani. Abin da ke raguwa shi ne kashe sauro, wanda ke kare har maƙwabcin da ba shi da raga.

Wannan ne ya sa sanin hanyar bijirewa yake da amfani na zahiri. Inda P450 ke da hannu, gidan sauro mai PBO yana dawo da kaifin magani, kamar yadda gwajin Muleba a Tanzaniya ya nuna a 2018. Akwai kuma mai kulofenapir, wanda Hukumar ta ba da shawarar amfani da shi a 2023 bayan gwaje-gwaje a Tanzaniya da Benin. Shi ba jijiya yake taɓawa ba, injin samar da kuzari na cikin ƙwayoyin jiki yake kashewa. Ba ya ma zama guba sai P450 na sauron sun sarrafa shi. Na ce mata idan takardunmu suka ce P450, akwai abin da mai yanke shawara zai yi da wannan gobe.

16 ga Yuli

An raba sauron bakin gona keji biyu tun zuri'a ta uku. Keji na farko ana ba kowace zuri'a deltametirin, a bar waɗanda suka tsira su hayayyafa. Na biyu ba ya ganin magani ko kaɗan. Muna son ganin wane sauyi ne zai ragu idan an ɗauke matsi, kuma cikin zuri'a nawa, domin dabarar juya magunguna daga wannan zuwa wancan a kan wannan zaton ta dogara. Yanzu suna zuri'a ta shida. Ya yi wuri a ce komai.

Ragowar da PBO bai kashe ba tana nan tana jirana. Hanyoyi uku nake kallo. Fatar ƙafa: a 2016 an nuna sauro mai bijirewa yana da fata mai kauri da maiƙo a ƙafafunsa, magani yana jinkirin shiga, kuma CYP4G16 na cikin masu gina maiƙon. Sai SAP2, furotin da Victoria Ingham da abokan aikinta suka bayyana a ƙarshen 2019, wanda ya yi yawa a ƙafafun sauro mai bijirewa, yana kama piretiroid ya riƙe. Na uku kuma ya mayar da ni kan bututun nan masu jan alama na watan Afrilu. A coluzzii na Afirka ta Yamma an samu wani sauyi a ƙofar sodiyam, V402L, da ke tafiya tare da I1527T a kan kwafin da ba shi da L1014F. Gwajin kdr na yau da kullum ba ya ganinsa, sai ya rubuta sauron a matsayin wanda ba shi da kariya.

Na fiddo bututun daga firiza da safen nan, DNA ɗinsu yana da kyau. Ɗalibata za ta haɓaka yankin gurbi na 402 ranar Litinin, ni kuma zan yanke ƙafafun tsakiya na rukuni na gaba in ajiye don awon kauri. Kwalaben gwajin kulofenapir sun iso jiya. Shi sai an jira awa 72 kafin a ƙirga matattu, don haka na sake duba na'urar danshi, na kuma ajiye ta biyu a gefenta.